Wayar da ke karɓar kowane layi da wadda aka ɗaure a turke: me za ka saya a Farm Centre?

Watan jiya wata ƙanwata da ke aure a Hotoro ta kira ni da wayar maigidanta, murya duk a raunane. Ƙanin mijin ne da ke karatu a Amurka ya aiko mata da iPhone tsaraba. Ta cire layinta daga tsohuwar wayar ta sa a sabuwar, ta ƙi. Ta gwada na maigidan, wanda na wani kamfani ne daban, nan ma ta ƙi. Amma in aka cire layin aka haɗa ta da waifai, komai nata lafiya lau, kyamara tangaran.

"Yaya, ko dai matacciya ya aiko min?"

Na ce mata ba matacciya ba ce, ɗaurarriya ce. An ɗaure ta a turken wani kamfanin sadarwa na can, kuma sai mai turken ne zai kwance ta.

Ba ita kaɗai ke faɗa wa wannan rami ba, kuma dalilin shi ne mu nan ba mu saba da shi ba. Tun da aka fara GSM a Najeriya a watan Agustan 2001, waya daban muke saye, layi daban. Ka sayi waya a Farm Centre ko Titin Beirut, ka je ofishin kamfani ka yi rajistar layi, ka haɗa su. Wayar doki ce, sim ne mahayinta, kuma dokin kasuwarmu ba ya tambayar wanda ya hau shi. Ka taɓa lura cewa wani lokacin in sabis ɗin layinka ya ɗauke, wayar kan rubuta cewa kiran gaggawa kaɗai za a iya yi? Ma'anarsa wayar tana jin ƙarfen sabis na wani kamfanin a kusa, layinka ne ba shi da izinin shiga. Wato ita wayar ba ta da ɓangare.

Waɗanda suka kwana biyu za su tuna lokacin da ba haka abin yake ba gaba ɗaya. Starcomms, Multi-Links, Visafone: waɗannan da wata fasaha daban suke aiki, CDMA, kuma yawancin wayoyinsu an gina lambar ne a cikin wayar, ba ramin da za ka sa sim ɗin MTN. Da kamfanonin suka durƙushe, wayoyin suka koma abin wasan yara. Wannan rigima ta wuce. Yau kamfanoni huɗun nan, MTN, Airtel, Glo da 9mobile da ta koma T2 a 2025, duk dangin fasaha ɗaya suke amfani da ita. Saboda haka in waya ta ƙi wani layi a Kano, ɗayan abu uku ne: ko an kulle ta, ko ba ta jin zangon da kamfanin ke watsa sabis a kai, ko kuma ba ta da ramin da za a sa katin ma. Masu sayarwa kan cakuɗa ukun nan su ce maka "matsalar netwok ce, za ta saki". Ba ɗaya ba ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Kullen shi ne mafi cin kuɗin mutane. A Amurka yawancin mutane ba sa biyan kuɗin waya gaba ɗaya. Kamfanin layi, irin su AT&T, T-Mobile ko Verizon, shi ke ba ka wayar kana biya wata-wata, shekara biyu ko uku, sai ya kulle ta don kada ka gudu wurin wani kafin ka gama. Yadda kullen ke aiki ba wani tsafi ba ne. Kowane sim yana ɗauke da lambar ƙasa da lambar kamfani: Najeriya 621 ce, Airtel 20, MTN 30, Glo 50, 9mobile 60. Kulallar waya tana karanta wannan lamba, in ba ta wanda ya ɗaure ta ba ce sai ta rufe ƙofa. A yawancin wayoyin Android za ta nemi ka sa lambar buɗewa, kuma in ka yi ta cankar lamba kana kuskure, wasu, musamman Samsung, sukan ƙara ƙulle kansu har sai an nemo wata lambar ta biyu. A iPhone kuwa babu ma wurin sa lamba. Bayanin kullen yana can a rumbun Apple, kuma kamfanin da ya sayar da wayar ne kawai zai ce a sake ta. Duk mai gyaran da ya ce maka zai yi wa iPhone filashin ta buɗe, ka riƙe kuɗinka. Filashin yana wanke abin da ke cikin waya ne, ba ya kai wa rumbun Apple.

Ba kowace ƙasa ke yin haka ba, kuma sanin wannan yana taimaka wa mai sayen ta hannu. Kanada ta hana sayar da kulallar waya tun Disamban 2017, Ingila ta bi sahu a Disamban 2021. Don haka wayar da da gaske daga Landan ta fito, in ba tsohuwa can ba ce, da wuya ka same ta a kulle. Matsalar ita ce a kasuwa kowace waya ta hannu 'yar Landan ce, ko da Landan ɗin ba ta taɓa ganinta ba. A iPhone akwai hanyar ganewa: ka shiga saitin, wurin bayanin waya, ka duba ƙarshen lambar samfurin. LL/A ta Amurka ce, B/A ta Ingila, J/A ta Japan, ZA/A ta Hong Kong (a tsofaffin samfura ZP/A), CH/A ta Chana. A wannan shafin dai, in ka gangara ƙasa, akwai layin da ke faɗin matsayin kulle. In ka ga an rubuta "No SIM restrictions", a sake take. In wani abu daban ka gani, ka san da abin da kake ciniki.

Abu na biyu, zango, shi ne wanda mutane ba su cika ganewa ba, domin wayar tana aiki, ana kira ana amsawa, sai dai intanet ɗin ne kamar tafiyar hawainiya. Wanda ya taso da rediyo zai fi saurin fahimta. Rediyon da ba shi da gajeren zango ba zai taɓa kamo maka Landan kai tsaye ba komai tsawon eriyarsa, alhali yana kama Freedom a 99.5 raɗau. Haka waya take. Kowane kamfani yana da zangon da hukumar sadarwa ta NCC ta ba shi lasisi, kuma waya sai ta kasance da kunnen wannan zangon kafin ta ji shi. Na kira da saƙo, wato 2G, a kan 900 da 1800 yake, kusan babu wayar da ba ta da su. A 4G ne ake rabuwa. Masu waya suna kiran zangunan da lamba: na 3 shi ne megahaz 1800, na 7 shi ne 2600, na 20 shi ne 800, na 28 shi ne 700. Na 3 shi ne gama-gari, a kansa Airtel da 9mobile suka fara. MTN tana da na 7 da na 20 bayan na 3. Na 20 ɗin ma shi ne babban abin da ta samu da ta sayi Visafone a 2016. Glo kuwa a kan na 28 ta fara 4G ɗinta a 2016, lokacin da wayoyi da yawa a kasuwa ba su da shi, shi ya sa mutane da dama suka yi ta sa layin suna ganin 3G kawai suna zargin sim ɗin, alhali wayar ce ba ta da kunnen.

Kada ka ce ai in akwai na 3 ya wadatar. Ƙananan zangunan nan, 700 da 800, su ne masu nisan tafiya da ratsa bango. Wanda ke zaune a cikin gari a gida mai kaurin katanga, ko mai shago a can ƙuryar wata filaza a Kantin Kwari, ko mai zuwa ƙauye duk ƙarshen mako, shi ya fi kowa buƙatarsu. Manyan zangunan suna da sauri amma ba su da juriya. Biyu za su zauna a tabarma ɗaya da layin kamfani ɗaya, ɗaya yana kallon bidiyo ɗaya yana ɗaga waya sama kamar mai neman wata, kuma sau da yawa bambancin a nan yake.

Wace waya ce ke rasa zangunanmu? Ba manyan ba. iPhone da manyan Samsung suna ɗauke da kusan duka, ko daga ina suka fito. Masu matsalar su ne ƙananan wayoyin Android masu araha da aka yi domin kasuwar Amurka kaɗai, inda ake amfani da zanguna irin na 2, 4, 12 da 13. Irin waɗannan ko an buɗe kullensu, a nan sai su tsaya a 3G ko ƙasa da haka. Sai kuma wasu wayoyin da aka yi domin cikin gidan Chana, waɗanda kan zo babu na 20, wasu ma babu manhajojin Google. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou sun san wannan: waya ce mai kyau da araha a can, ka dawo da ita Kano ka rasa Play Store. Batun 5G gajere ne: a kan megahaz 3500 yake a nan, wanda ake rubutawa n78. MTN ta fara a 2022 kuma Kano na cikin birane bakwai na farko da ta ambata, Airtel ta biyo a 2023. In unguwarku ba ta samu ba tukuna, ban ga dalilin ƙara kuɗi mai yawa dominsa ba.

To, ga mai kuɗi a hannu ya sauka daga adaidaita sahu a bakin Farm Centre. Me ke gabansa?

Na farko, sabuwa a kwali wadda aka yi domin kasuwarmu: Tecno, Infinix, itel, Redmi, Samsung ɗin da aka shigo da su ta hannun dilolin kamfani. A batun karɓar layi, waɗannan ba su da abokin gasa. Ba a kulle suke ba, an yi su da zangunan nan a rai, kuma kusan duka rami biyu gare su. Rami biyun nan ba ado ba ne. Shi ne abin da ya ɗaga kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, sama da manyan da suka riga shi shigowa Afirka, domin ya gane cewa mutumin nan ba ya yarda da layi ɗaya. Sai dai akwai abu biyu da za ka sani. Yawancinsu in kana magana a layi ɗaya, wanda ya kira ɗayan ba zai same ka ba. Ba lalacewa ba ce, haka aka yi su. Kuma a tsofaffi da masu araha sosai, layin da ka zaɓa wa data ne kaɗai ke hawa 4G, ɗayan ya sauka ƙasa. Wani abin lura kuma: wayoyin da ake bayarwa bashi a biya kaɗan-kaɗan suna karɓar kowane layi, amma suna da nasu kullen daban, wanda ke rufe fuskar wayar gaba ɗaya in an makara da biya. In za ka sayi irin waɗannan samfuran a hannun wani, ka tabbata ya gama biya, don kada bashinsa ya biyo ka gida.

Na biyu, ta hannu daga waje wadda aka buɗe ta hanyar gaskiya, abin da 'yan kasuwa ke ce wa fakitori-anlok. Ko dai tun asali ba a kulle ta ba, ko mai ita ya gama biya kamfanin ya sake ta. Wannan daidai take da sabuwa a wajen layi: ka sa na Kano ta karɓa, ka je Maraɗi ka sa Zamani ko Moov ta karɓa, ka sauka Jidda ka sayi STC ko Mobily ta karɓa. Ka yi mata sabuntawa, ka wanke ta, ba abin da zai dawo. Ta fi mai cif, wadda zan zo kanta yanzu, tsada, wani lokacin tazarar har ta sa mutum ya yi jim. A ganina wannan tazarar ita ce kuɗin da ya fi kowane halasta a duk cinikin. Rauninta ɗaya ga mutumin Kano: yawancin iPhone rami ɗaya gare su, layi na biyu sai dai marar kati. Wanda ya nace sai kati biyu a iPhone, ya nemi ta Hong Kong ko ta Chana, yawancin samfuransu tun daga XR da XS Max suna da rami mai cin kati biyu, gaba da baya.

Na uku ita ce mai cif, kuma a kanta zan ɗan daɗe, domin ita ce ke jan ido. Kulalla ce, ba a buɗe ta ba. Wani ɗan siririn faifai ne kamar ɓawon albasa ake shimfiɗawa a ƙarƙashin sim ɗinka, aikinsa ya yi wa wayar ƙarya: ya ce mata layin da aka sa na kamfanin da ya ɗaure ta ne. Ƙaryar tana ci, har ka yi wata da watanni kana amfani da ita lafiya. Amma rayuwar wayar ta dogara ne da wata kafa da Apple bai toshe ba tukuna. Ranar da aka toshe, ko ka yi sabuntawa, ko ka wanke wayar, ko ka canza layi, tana iya komawa gidan jiya, sai ka sake komawa kasuwa a sake saita ta, wani lokacin da sabon cif. Akwai kuma ƙananan ciwon kai da masu amfani da ita suka saba da su: sabis ya ɗauke haka kawai sai an kashe an kunna, batir ya riƙa saurin sauka, lambobin duba kuɗi da na banki su riƙa gardama. Ka yi tunanin mai shago da ke jiran alat kafin ya saki kaya, ko alhajin da ya sauka Madina ya sayi layin can ya sa, wayar ta ce ba ta san zancen ba, ga shi ba wanda zai saita masa. Ban ce haramun ba ce. Ɗalibin da yawanci a waifai yake, yana son kyamara, yana da wata ƙaramar wayar ta kira, kuma an gaya masa gaskiya an rage masa kuɗi sosai, shi ya san abin da ya saya; kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ba na so shi ne a sayar wa mutum mai cif da sunan buɗaɗɗiya. Shi ya sa nake cewa ka sa a zaro tiren sim ɗin a gabanka ka duba da idonka, kuma kada ka bar yaron shago ya shiga da wayar ciki "ya sa maka layin".

Akwai masu cewa za su buɗe maka ta intanet, ka ba su lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da kuɗi, ka jira kwanaki. Wani lokacin yana yiwuwa, musamman in wayar ba ta da bashi a kanta. Amma irin wannan, mai ita na asali zai iya neman a buɗe masa kyauta a wurin kamfaninsa. Wadda ke da bashi ko aka yi rahoton an sace ta kuwa, buɗewarta caca ce, kuma akwai waɗanda ke sake kullewa bayan an buɗe.

Na huɗu sabon salo ne. Daga iPhone 14, wato 2022, duk wadda aka yi domin Amurka ba ta da ramin sim sam-sam. Sai sim marar kati, eSIM, wanda ake saukar maka a cikin wayar. Idan buɗaɗɗiya ce tana aiki a nan: MTN da Airtel suna bayarwa, ka je ofishinsu da lambar NIN, su ba ka wani hoton lamba ka ɗauka da kyamara, layi ya hau. Har layi biyu za ka iya kunnawa a lokaci guda. Tsaf-tsaf, kuma ɓarawo ba zai zare layin ya sa a wata wayar ya shiga asusunka ba, wanda a garin da ake fama da ƙwacen waya ba ƙaramin abu ba ne. Amma ka auna ɗaya gefen. Ranar da wayar ta faɗa ruwa, ko caji ya ƙare ga ba wuta, ba za ka ciro layinka ka sa a 'yar rakani-kashi ka ci gaba da harka ba. Sai ka koma ofis ka bi layi. Mai zama kusa da ofishin kamfani a cikin birni zai jure. Mai yawon kasuwannin ƙauye, ranar Wudil daban ranar Ɗambatta daban, ban ba shi shawara ba. In kuma irin wannan wayar kulalla ce, to ko cif ɗin ma ba inda za a sa shi. Shi ya sa ake ganin wasu da aka fafe jikinsu aka dasa musu rami. In ka ga iPhone 14 ko sama da haka mai LL/A kuma da ramin sim, an buɗe cikinta an yi mata tiyata. Ba ta hana ruwa shiga kamar da, kuma ba ka san hannun da ya yi aikin ba. Ni dai ba zan sa kuɗina a kanta ba.

Akwai kuma hanyar talaka mai hankali, wadda ba a cika yaba mata ba: babbar waya ɗaya ta data, da ƙarama mai tocila ta kira da alat ɗin banki. Ƙaramar tana kwana uku ba caji, tana karɓar kowane layi, kuma ba a tsare mutum a lungu dominta. Wasu kan ƙara da 'yar na'urar waifai ta aljihu. Ita ma ka sani: wadda kamfanin layi ya sayar maka da tambarinsa a jiki, galibi layinsa kaɗai take ci, shi ya sa take da araha. Mai cin kowane layi ta fi tsada, kuma ita ma sai ka duba zangunanta.

Wani zai ce, to ni wayata lafiya take, kamfanin ne ya ishe ni, in bar shi ko in ƙara layi? Tun watan Afrilun 2013 an ba kowa damar ya koma wani kamfanin da lambarsa. Ka je ofishin wanda kake son komawa da shaidarka, a cike takarda, ka tura PORT zuwa 3232, a ba ka sabon sim mai tsohuwar lambarka, kyauta. Shi ya sa yanzu ba a rantsuwa cewa duk 0803 MTN ce ko duk 0805 Glo ce. Amma kuɗi da datar da ke kan tsohon layin ba sa bin ka, kuma in ka koma ba ka ji daɗi ba, sai ka jira wa'adi kafin a bar ka ka sake tashi. Ga wanda lambarsa ke rubuce a jikin allon shago da buhunan kaya, ƙaura da lamba tana da ma'ana. Ga sauranmu, ƙara layi na biyu ya fi sauƙi, domin babu kamfanin da ya fi a ko'ina. A gidanmu akwai layin da ke cika a tsakar gida ya mutu a uwar ɗaka, wani kuma akasin haka, alhali a wurin aikina labarin ya juye. Kada ka tambayi intanet wane layi ya fi. Ka tambayi maƙwabcinka na jikin katanga da maƙwabcin shagonka. Kuma ka tuna ƙaura ba ta gyara waya: in ba ta da zangon sabon kamfanin, ka gudu ne ba ka tsira ba.

In da ni ne zan raka ka kasuwa, ga yadda za mu yi, kuma ba zai ci minti goma sha biyar ba. Za mu tafi da layi biyu na kamfanoni daban, namu na kanmu, da ɗan tsinken zaro tire. Mu sa na farko da hannunmu, mu kira wani, mu sa ya kira mu, mu kunna data mu ga 4G ta fito a sama, ba a rubuce a kwali ba. Mu buga *310# mu ga ko kuɗi zai nuna. Mu cire mu sa na biyu mu maimaita. Mu buga *#06# lambar IMEI ta fito, mai lamba 15, mu gwada ta da ta jikin kwali in akwai, mu sa a rubuta ta a rasit tare da sunan shago. Wannan rasit ɗin shi ne zai tsaya maka ranar da aka bi sawun wayar sata aka iso kanka. Sannan mu ce a wanke wayar gaba ɗaya a gabanmu, ta tashi daga farko da layinmu a ciki. Nan ne kowane ɓoyayyen abu ke fitowa: mai cif za ta tona kanta, mai asusun iCloud ko na Google na wani za ta nemi kalmar sirrin mai ita, wadda wani ofis a waje ya ba ma'aikacinsa za ta nuna sunan masu kula da ita. Waɗannan kullen na asusu ba su da alaƙa da layi, kuma sun fi na layi muni, domin wayar ko shiga ba za ka yi ba. In mai shago ya ce, "Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" ka ce ka yarda, amma ba a cinikin biri a sama. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin gwaji; a cikin 'yan jagwal ɗin ma akwai masu amana da za su gaya maka aibin waya tun kafin ka tambaya, kuma irinsu ne ake komawa wurinsu.

Zaɓina a fili yake. Wanda wayarsa ce shagonsa, mai POS, mai adaidaita, mai sayar da atamfa ta WhatsApp, ya sayi sabuwa ta kasuwarmu mai rami biyu, ya duba tana da zango na 3, 7, 20 da 28. Wanda ransa ke kan iPhone ko babbar Samsung ta hannu, ya ƙara kuɗi ya ɗauki buɗaɗɗiya ta gaskiya mai rami, ko da zai sauko da samfuri ɗaya ƙasa. iPhone 12 buɗaɗɗiya ta fi 13 mai cif kwanciyar rai. Mai niyyar Hajji ko Umara ko fatauci zuwa Nijar, kada ma ya tsaya a gaban mai cif. Wanda kuma ɗan uwa zai aiko masa daga waje, ya roƙe shi abu ɗaya tun kafin a sa ta a jaka: ya saye ta kai tsaye daga shagon masu ƙera ta da kuɗi a dunƙule, ko ya sa kamfanin layinsa ya buɗe ta tun tana hannunsa, domin daga can abin 'yan kwanaki ne, daga nan kuwa wahala ce.

Ita ƙanwar tawa, da aka kira ƙanin mijin, sai ya ce ai bai gama biyan kuɗin wayar ba, saura wata bakwai, shi bai ma san za ta ƙi aiki ba tunda a wurinsa lafiya take. Maigidan ya so a kai ta a sa mata cif, na ce su dakata, tunda mai biya yana biya kuma ranar buɗewa tana zuwa. Yanzu layinta yana cikin tsohuwar Tecno ɗinta, ita ke ba sabuwar intanet, tana yawo da biyun a jaka ɗaya. Ta ce min ta sa alama a kalandar kicin.